Zan iya koya wa aladen uwar ɗakina bin igiya?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina aikin kula da wata dattijuwa a Ingila. Tana da ɗan alade irin na Biyetnam mai tumbi, ta riƙe shi kamar kyanwa. Ta ce in saba masa da ɗamarar ƙirji da igiya, saboda wuyansa ya kai kaurin kansa, abin wuya zamewa yake yi, sannan in riƙa fita da shi, za ta ƙara mini kuɗi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Haramcin naman alade ya zo a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3, haramcin cinikinsa kuma a hadisin Jabir da Bukhari da Muslim suka ruwaito. To amma kai ba ci za ka yi ba, ba sayarwa ba. Taka magana ta ƙodago ce, ita ma magabata sun taɓa ta. A Mudawwana, littafin fiƙihun mazhabar Maliku, an kawo Musulmin da ya karɓi kiwon aladun Kirista da lada, aka ce ladan ba ya halatta gare shi, sadaka za a yi da shi ga miskinai. Horar da alade da jan sa yawo ɗan'uwan kiwo ne, don haka kada ka karɓi wannan ƙarin. Albashinka na kula da tsohuwar halal ne, wannan bai shafe shi ba.

Inda mutanenmu suka fi rikicewa shi ne najasa. A mazhabar Maliku duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har kare da alade, da yawunta da guminta. Idan ya goga maka hanci a wando, sallarka ta yi. Fitsarinsa da kashinsa ne najasa, su za ka wanke. Shafi'awa da Hambalawa sun tsananta, suna ganin jikinsa ma najasa ne. Wanda ya wanke don fita daga saɓani ya kyauta.

Ka ba ta haƙuri cikin ladabi, ta nemi wani. Ko a dokar Ingila ma sai da lasisi ake fita da alade yawo. Amma in ka tarar da shi yana haki don ƙishi, ko igiya ta shaƙe shi babu kowa a gida, ba shi ruwa, kwance shi. Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan kowace hanta mai danshi, wato kowane mai rai.

Allah ne mafi sani.