Amsa kan filin jirgin Zariya da haƙƙin maƙwabta

Malam, ka tambaya wai ƙaramin filin jirgi irin namu na Zariya ina ruwansa da kula da muhalli ko haƙƙin maƙwabta. Wallahi da ruwansa sosai. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964 take nan, ni kuma a Palladan na tashi, muna yara in jirgin ɗalibai ya zagayo ƙasa-ƙasa sai mu fito da gudu muna ɗaga masa hannu, to ka ga mu da su zaman tare muke.

Abin da ya fi damuna maganar bola ce. Duk inda aka tara shara ko ragowar mahauta kusa da shingen filin jirgi sai shirwa da hankaki da balbela su taru, tsuntsu ɗaya kuwa in ya bugi jirgi yana tashi zai iya jawo hatsari, kuma kan gidajenmu yake bi. Don haka in hukumar fili ta haɗa kai da masu unguwa ana kwashe shara, ana yashe kwalbati kafin damina, kanta ta yi wa, mu ma mun huta da sauro.

Sai wuta. Filin jirgin Kocin a Indiya tun 2015 ya koma sola gaba ɗaya, mu da rana ke dukanmu haka me zai hana a rage ƙona dizal a janareto? Kuma don Allah in aikin shara, gadi ko yankan ciyawa ya taso, a fara duba samarin unguwa.