Na Sa wa 504 Injekta, Tana Ta Shaƙewa

Tambaya: Malam, na cire kabiretar Peugeot 504 ɗina na sa injekta mai ƙwaƙwalwar MegaSquirt, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wutar injin. Tana silo lafiya, amma da na taka totur sai ta shaƙe, allurar gudun injin ta riƙa tsalle. Ina matsalar take? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Alhaji, galibi wutar filogi ce ke kutsawa cikin siginar sensar kiransha, wato na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar injin, sai ƙwaƙwalwar ta rikice da lissafin juyin injin. Fara da filogi. Sa masu resista a ciki, wato abin da ke rage hayaniyar wuta, a na kamfanin NGK za ka ga harafin R a lambarsu, kamar BPR6ES. Wayoyin filogi masu zallar tagulla a ciki kuwa a cire su, don watsa hayaniya suke kamar tashar rediyo. Nemi masu hana hayaniya.

Wayar sensar ta zama mai rigar ƙarfe, a haɗa rigar da nagetib ta gefen ƙwaƙwalwa kaɗai. In aka haɗa gefe biyu, wuta za ta bi ta cikin rigar ta dagula siginar. Kada a ɗaure wayar sensar tare da wayar kwayil. In dole su haɗu, su gitta juna.

Sai nagetib, wanda tsatsa ke cinyewa a tsofaffin motoci. Ɗora mitar auna wuta tsakanin nagetib ɗin batir da jikin injin, a yi sitata. In ya haura bolt 0.3, kankare mahaɗar har ƙarfe ya yi ƙyalli, ko ka sake kebur mai kauri.

In motar ba ta daina shaƙewa ba, juya mitar zuwa AC, wato wuta mai kai-komo, a kan batir, injin na aiki. In ya haura bolt 0.5, alama ce diyod ɗin altaneta, wato abin da ke mayar da wutar AC irin ta batir, ya ƙone.