Amsa ga mai awon shinkafa da aiki ya gundure shi

Ɗan'uwa, ka ce kullum awo kake yi a kasuwar Argungu, har ka daina ganin amfaninsa ban da kuɗin cefane. Fara da niyya kafin ka buɗe buhu: neman halal da ciyar da iyali ibada ne.

Sai ka duba mudunka. Idan gindinsa ya lotsa, yana rage awo ba ka sani ba, kuma Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye mudu take gargaɗi. Mudun da ka saya da shi, da shi za ka sayar. Shanshera kuwa, wato shinkafar da ba a cashe ba, ka ciza ƙwaya. In ba ta yi ƙas ba, da sauran danshi. A buhu za ta yi zafi, ta canza kala, ta karye a inji. Kada ka rufe jiƙaƙƙiya da busasshiya a sama, wannan algus ne da Annabi (SAW) ya hana. Faɗa wa mai saye, ka rage farashi.

In kana noma taka, zakkarta kashi 1 cikin 10 ce ta damina, 1 cikin 20 ta ban ruwa da inji, idan ta kai nisabi.