Wayar HDMI mai tsada ba ta ƙara wa hoto kyau

Malam, ka ce mai shago ya nuna maka wayoyin HDMI biyu, wato wayar da ke kai hoto da sauti daga dikoda ko kwamfuta zuwa talabijin, ɗaya ta ninka ɗayar kuɗi nesa ba kusa ba, ya ce mai tsadar ce ke fito da launi sosai, kana tambaya ko haka ne. Riƙe kuɗinka. Na daɗe ina haɗa talabijin da majigi a gidaje da ɗakunan taro, ban taɓa ganin waya ta ƙara wa hoto haske ko launi ba, matuƙar mai arahar lafiyarta ƙalau.

A zamanin wayar VGA, tsohuwar wayar allon kwamfuta, da mai kai ukun nan, ja da fari da rawaya, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Hoton yana tafiya ne ta hawa da saukar ƙarfin wuta, waya in ta yi rauni sai ya dusashe, ko ka ga inuwa a gefen rubutu. Ita HDMI, da ta fito a 2002, lambobi take kaiwa, sifili da ɗaya. In lambar da ta ce ɗigon nan ja ne ta isa, jan da aka aiko shi zai fito, ba ƙari ba ragi. Waya ba ta san abin da ta ɗauko ba, balle ta gyara shi.

Ranar da ta gaza kuwa ba sai an faɗa maka ba. Fararen ɗigo za su riƙa ƙyalƙyali a allo, an fi ganinsu inda hoto ya yi duhu, ko allon ya yi baƙi ƙirin na ɗan lokaci ya dawo, ko sauti ya riƙa yankewa.

Abin dubawa a kwali shi ne yawan bayanan da take iya ɗauka. Mai rubutun High Speed tana kai gigabit 10.2 a daƙiƙa (gigabit ma'aunin yawan bayanai ne), ta ishi dikoda da hoton 1080p, wato Full HD. Premium High Speed tana kai 18, ita ake so wa 4K (hoton da ya ninka 1080p yawan ɗigo sau huɗu) mai hoto 60 a daƙiƙa da HDR, tsarin da ke faɗaɗa haske da launi. Ultra High Speed tana kai 48, sai mai PlayStation 5 ko kwamfutar wasa da ke son 4K mai hoto 120 a daƙiƙa. Biyun ƙarshe, na gaskiyar suna zuwa da tambari mai lambar QR da za ka iya tantancewa da wayar hannu, kuma akwai masu araha a cikinsu.

Inda nake yarda a kashe kuɗi shi ne tsawo. Mita biyu ko uku ba komai. Amma majigin da ke rataye a silin, mita goma sha biyar daga kwamfuta, nan wayar jan ƙarfe takan fara ba da matsala, musamman da 4K. Sai a nemi ta fayba, wadda ke kai bayanan ta haske. A kula, tana da gaba da baya: kai ɗaya an rubuta Source, shi ake sa wa kwamfuta, ɗaya Display, na majigi ko talabijin, in aka juya ba abin da zai fito. A gwada ta a ƙasa kafin a binne a bango, don fasa siminti ba wasa ba ne.

Ruwan zinaren da ke kan bakin wayar HDMI tsatsa yake hanawa, shi ke nan.

In mai shagon ya nuna maka allo biyu ka ga bambanci, duba saitinsu, galibi ɗaya an ƙure masa haske da launi. Ce masa ya sauya wayoyin a talabijin ɗaya, tasha ɗaya. Wasu talabijin ma sai ka shiga saiti ka buɗe wa ramin HDMI ɗin cikakken ƙarfinsa kafin HDR ya yi aiki, mutane su yi ta zargin waya a banza.

Me za ka haɗa da talabijin ɗin, kuma mita nawa ne tsakaninsu? In ka faɗa sai in ce maka wacce a cikin ukun.