Ƙarin ruwan da ake yi kafin Lutathera

Kin tambaya ko za a iya barin ƙarin ruwan da ake wa mahaifinki kafin allurar Lutathera, wato maganin wani nau'in ciwon daji, tunda ruwan ne ke sa shi amai. A'a, kada ku bari. Wannan ruwan ne ke kare ƙodarsa. Maganin yana ɗauke da lutetiyam-177, sinadari mai sakin tururin nukiliya, kuma abin da bai maƙale a jikin ƙarin dajin ba ƙoda ce ke tace shi. Matsalar ita ce ƙananan bututun ƙoda suna sake tsotse shi, sai ya zauna can yana sakin tururin nukiliya. Sinadaran lisin da arjinin (cikin tubalan gina furotin) da ke cikin ruwan suna riga shi kame ƙofofin tsotsar, sai mafi yawansa ya fita da fitsari. Shi ya sa ake fara ruwan minti 30 kafin allurar, ya ɗauki kusan awa 4, a kowane zagaye cikin zagaye 4 da ake ba da maganin.

Abin da na gani da nake jinyar yayata shi ne, aman ya yi sauƙi sosai da aka koma ruwan da lisin da arjinin kaɗai ke ciki, giram 25 kowanne, aka kuma ba ta maganin tashin zuciya tun kafin a soma. Ki tambayi likitansa wane iri suke sa masa. Amma idan ƙodarsa ko zuciyarsa na da rauni, a riƙa auna fotasiyam ɗin jininsa, domin ruwan kan ɗaga shi.