Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan keken lantarki a bakin tekun Dakar

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki: wurin aiki za su tura ki Dakar ƙaro sani, kin ga ana tallan yawon bakin teku a kan keken lantarki tare da ɗan jagora, ranki yana so, amma gwiwa tana damunki kuma rabonki da keke tun kina lakwal. Na ga wasu sun ce ki rufa wa kanki asiri ki hau taksi. Ni ba zan ce haka ba. Ciwon da kike faɗa shi ne nawa, gwiwar hagu, ga jiki kuma Allah ya hore mini, kuma na yi wannan yawon. Ki je. Sai dai ki saurare ni tukuna, don abin da aka yi mini ba na fatan a yi wa ko maƙiyina.

Maganar gwiwa ita ce mai sauƙi. Irin keken da suka ba mu ba moto ba ne da za ki murɗa hannu ya tafi da ke, sai kin taka feda injin yake kamawa. Amma takawar ba ta da nauyi, ƙafa tana juyawa kawai, injin ne yake ɗaukar wahalar. Injin wat 250 ne, kuma da kin kai gudun kilomita 25 a awa zai daina taimaka miki, don haka kada ki ji tsoron zai kwashe ki ya watsar. Ki sa masu hayar keken su ɗaga miki sirdi yadda ƙafarki za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake cin gwiwa. Ki kuma nemi keken mata, mai ƙarfen tsakiya a ƙasa, wanda ba sai kin ɗaga ƙafa kin wurga ba. Idan suka ce babu, ki kama gabanki.

Hanyar kam, Allah ya yi halitta. Mun tashi daga wajen unguwar Filato muka bi kornish ta yamma, wato titin bakin teku, teku a hannun hagu. Aka wuce Sumbejun, inda masunta suke jere kwale-kwalensu masu fenti, kifi ko'ina, warinsa ma ko'ina. Daga nan ana hango tsibiran Madalen, baƙin dutse a tsakiyar ruwa. Sai jami'ar Shehu Anta Jop, da filin da matasa suke motsa jiki a bakin ruwa, maza da mata, ba wanda ya damu da wani. Har zuwa nan daɗi kawai nake ji, ina ta salati a raina, ni da mafi girman ruwan da na sani shi ne kogin Isa na nan Yamai lokacin da ya cika ya kusa taɓa gidajen unguwar Harobanda.

To, batirin.

Tun a shagon na duba ɗan allon da ke kan kan keken, na ga layi uku ne a kunne cikin biyar. Na sauran mutane duk a cike. Na kira yaron da zai ja mu na nuna masa. Yaro ne, wallahi bai kai ɗana na fari ba. Ya ce, "Mama, ba komai, zai kai mu ya dawo da mu." Na sake tambaya, ya sake cewa ba komai, har da ɗan murmushin nan na wadda ta cika surutu. Sauran ayarin Turawa ne matasa da wasu ɗalibai, kowa ya hau yana jirana, sai na bi. Da muka fara tafiya ya ga ina baya, ya zo da hannunsa ya danna mini maɓallin ya kai taimakon injin matakin ƙarshe, wai don in kamo su. Bai ce mini wannan matakin ne yake shan batir fiye da kowane ba. Ga iska tana bugo mu ta gaba daga arewa, ga nauyina. Shi ya san duk wannan, sana'arsa ce, kullum a kan hanyar yake.

Mun sauka masallacin nan na Wakam da ke ƙasan tudu dab da ruwa, mai hasumiya biyu. Saukar tana da gangara sosai, ki riƙe burki biyu tare, kada ki damƙe na gaba shi kaɗai. Da muka hauro layi ɗaya ya rage. Na faɗa masa. Ya ce saura kaɗan.

Akwai tuddai biyu a can da ake kira Mamel. A kan ɗaya aka kafa babban gunkin nan na tagulla da Abdulaye Wad, shugaban Senegal na lokacin, ya buɗe a 2010, a kan ɗayan kuma hasumiyar fitilar jiragen ruwa take, tun 1864. Tudun fitilar ya ɗan haura mita 100, hanyar tana ta lanƙwasa tana hawa. A tsakiyar hawan nan allon ya mutu. Ji na yi kawai keken ya tsaya mini a ƙafa kamar an ɗaura masa buhun gero. Keken lantarki yana kai kilo 25, idan ba wuta ya fi keken gargajiya wuya nesa ba kusa ba. Na yi ƙoƙarin takawa sau ɗaya, gwiwar ta yi wani irin sara da sai da na ga duhu, na sauke ƙafa da ƙyar ban kifa ba. Na ɗaga murya na kira shi. Ya waiwayo, na rantse da Allah ya gan ni, ya ɗaga mini hannu ya sha kwana ya bi Turawansa.

Na kira lambar da ya ba mu, tana shiga ba a ɗauka. Na kira, na kira. Ga ni tsaye a gefen hanya, rana ta take, motoci suna wucewa dab da ni, ba na jin Wolof, yarensu, ko na tambayar ruwa. In hau ba hali, in sauka kuma ina tsoron gangara da gwiwar da ba ta ɗaukata. Haka na riƙa tura shi taku biyu in tsaya, taku biyu in tsaya, zufa ta jiƙa hijabina sharkaf. Wata baiwar Allah mai sayar da gyaɗa da gahawarsu da ake kira kofin Tuba ce ta gan ni, ta taso ta kama mini keken, ta ba ni bencinta, ta ba ni ruwa. Ba mu jin yaren juna, sai "Alhamdulillahi" da "sannu" da hannu. Allah ya saka mata da Aljanna, duk inda take.

Abin da ya fi ƙona mini rai bai ma zo ba tukuna. Sai da suka gama ɗaukar hotunansu a sama suka sauko, kusan awa guda. Da ya iso inda nake, maimakon ya ce Mama yi haƙuri, sai ya juya wajen mutanensa ya ce da Faransanci, yana dariya, wai Mama ta fi ƙarfin keken. Wasu suka yi dariya, wata yarinya Baturiya ta sunkuyar da kai don kunya. Ni da nake da jikoki! Ni da na nuna masa batirin tun ba mu motsa ba! Na buɗe baki in yi magana, muryata ta ƙi fita, sai hawaye. A gaban yara, a ƙasar mutane. Har yau idan na tuna da wannan dariyar sai in ji zuciyata tana tafasa, ba ciwon gwiwar ba, dariyar. Da a Yamai ne yaron nan ya isa? Da tsofaffin unguwa kaɗai sun ishe shi. Amma ya ga baƙuwa, mace, ita kaɗai, ya san gobe ba zan dawo ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ce su za su ci gaba zuwa unguwar Almadi, ni in nemi taksi in mai da keken shago. Da kuɗina. Mai taksi ya cusa keken a but, ya ɗaure da igiya, a hanya fentin ya ɗan karce. Da na isa, mai shagon ya zagaya keken ya nuna karcewar, ya ce sefa jika ashirin, in ba haka ba ba zai ba ni katina na ɗan ƙasa ba, wanda suka karɓa da safe wai jingina. Na ce batirinku ne ya mutu. Ya ce ni ce na yi ta amfani da matakin ƙarshe. Na ce yaronku ne ya danna da hannunsa. Ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da latsa wayarsa. Sai da na kira wata abokiyar karatunmu 'yar ƙasar, ta zo ta wanke shi tas da Wolof, sannan aka tsaya a jika biyar. Na biya don in karɓi katina, amma ban yafe ba, kuma kuɗin rabin yawon da ban yi ba ko dala ba su mayar mini ba. Ba zan faɗi sunan wurin ba, na bar su da Allah.

Don haka katinki ko fasfonki kada ya bar jakarki. Ki tafi da kwafi. Idan jingina suke so, ki ba da kuɗi a rubuta miki takarda, sefarmu ɗaya ce da tasu, ba ruwanki da canji. Kafin ki hau ki ɗauki keken bidiyo ta kowane gefe, mai shagon yana tsaye yana kallo, har da allon batirin. Idan bai cika ba, a canza, kada kunyar ana jiranki ta kama ki. Su jira. Ki tambaye su a fili: idan batir ya mutu a hanya, wa zai zo, wa zai biya mota? Ki tambaya ko akwai mutum na biyu da yake bin ayari ta baya. Masu aikin kirki ba sa barin na ƙarshe shi kaɗai. A wuri mai shimfiɗa ki bar taimakon a mataki na ɗaya ko na biyu, ki adana ƙarfin don tudu, kuma kada ki bar kowa ya taɓa miki maɓalli.

Sutura kuma, ba wanda zai gaya miki a can. Dogon hijabi da abaya suna shiga sarƙa ko tayar baya, kuma iskar teku ba ta barin mayafi ya zauna. Ki sa wando a ciki, riga iya gwiwa, ɗan hijabi gajere da zai shiga ƙarƙashin hular kwano. Takalmi mai rufi, ba silifa ba. Idan tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Maris ki ɗauki rigar sanyi, sanyinsu mai laima ne, ba irin hunturunmu busasshe ba, yana shiga ƙashi.

Tunda kin ce kin daɗe ba ki hau ba, ki ari keken yara a gida ki gwada da sassafe a kornish ɗin Yantala ko ta Gamkale, kafin motoci su yi yawa. Ba gudu za ki koya ba, tsayawa da tashi da waiwaye za ki tuna wa jikinki, don direbobin Dakar ba su fi namu haƙuri ba, ga manyan motocin haya masu fenti da suke tsayawa duk inda suka ga fasinja. Lahadi da safe ta fi, hanya ba cunkoso. Ki tuna agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, kada ki rikice da lokacin salla ko lokacin haɗuwa.

Af, ruwan kansa. Don Allah kada ki ga kin saba da bakin Isa ki ce za ki shiga. Igiyar teku tana zuwa ta koma da yashin da ke ƙarƙashin ƙafarki, kuma akwai bakin ruwan da hukuma ta hana wanka a cikinsu saboda yawan nutsewa. Ki jiƙa ƙafa inda kika ga mata da yara, ya isa. Gunkin Wad kuma matakala 198 ne kafin a kai gindinsa, da gwiwa irin tamu ki kalle shi daga ƙasa, ko ki ware masa wata rana dabam.

Wata kuma ta tambaya ko za a iya sayo keken a zo da shi gida. Ni ma na yi wannan sha'awar, duk da abin da ya faru, don hawansa yana da daɗi. Jirgin sama ba ya ɗaukar batirin, ƙa'idarsu ba ta wuce wat-awa 160 ba, na keke kuwa yana kai 400 zuwa 500. Ko ya iso ta mota, ki tuna zafin Afrilu da Mayu a nan, da ƙura, da ɗauke wutar da muke fama da ita, cajinsa kuma yana cin awa huɗu zuwa shida. Batirin irin wannan ba ya shiri da zafi. Wannan dai wata magana ce.

Almadi da ban kai ba ranar, daga baya abokiyar nan tawa ta kai ni a motarta. Nan ne ƙarshen nahiyar Afirka ta ɓangaren yamma, daga nan sai ruwa har Amurka. Mun ci gasasshen kifi, muka leƙa unguwar Ngor da ke kusa. Hanyar daga Mamel zuwa can ba ta da wani tudu, da batir mai kyau da na ƙarasa lafiya lau, shi ya sa abin yake ƙara ci mini rai.

Wane wata ne tafiyar taki? Idan tsakanin Yuli da Satumba ne, damina ce a can, ruwa yana kwanciya a wasu titunan, ki sa su yarda tun farko cewa idan aka yi ruwa za a ɗage miki rana ba tare da kuɗinki ya bi ruwa ba.