Hukuncin shugabantar gidan kula da karnuka da magunan da aka yasar

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Jama'armu sun haɗa hannu sun buɗe wurin da ake tattara dabbobin da aka yasar, galibi maguna da karnuka, ana ciyar da su ana yi musu magani har a samu mai ɗauka. Sun ɗora mini shugabancin wurin, kuma ni nake koya wa masu ɗauka yadda ake riƙon dabba. To wani ya ce mini ladana yana raguwa kullum saboda karnukan, wani kuma ya ce ɓarnar dukiya ce alhali ga mutane da yunwa. In ci gaba ko in ajiye? Kuma ya halatta mu karɓi zakka, mu yi wa dabbobin dandaƙa, ko mu kashe wadda ciwo ya ci ƙarfinta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, ci gaba da aikinka. Halal ne, kuma da kyakkyawar niyya ibada ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya sauka rijiya ya sha, da ya fito sai ya ga kare yana lallage yana cin danyar ƙasa don ƙishi. Ya koma ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah ya gode masa ya gafarta masa. Sahabbai suka ce, ashe muna da lada a kan dabbobi? Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Ka lura, dabbar da aka samu gafara a kanta kare ne, kuma ba shi da mai shi.

Sai dai hadisin da nake so ka rataya a zuciyarka shi ne na Abdullahi ɗan Umar, shi ma a Buhari da Muslim: an yi wa wata mace azaba saboda mage, ta tsare ta har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Laifin matar nan yana cikin tsarewar. Magen da ke yawo a titi Allah yana ciyar da ita ta inda ba ka sani ba, amma ranar da ka rufe mata ƙofar keji, cinta da shanta da maganinta sun koma wuyanka. Malaman fiƙihu sun wajabta ciyar da dabba a kan mai ita, har Shaihu Halilu ya faɗa a Muhtasar cewa idan ya ƙi, a sayar da ita. Saboda haka tsorona a kanka ya fi yawa ta wajen tausayin da ba shi da lissafi. Wuri mai ɗaukar dabba talatin a cusa sittin, kwanon ruwa ya bushe da tsakar rana, mai ƙazuwa ta kwana jikin mai lafiya, ɗan kwikwiyo ya rakuɓe a lungu manya sun hana shi abinci. Wannan ya zama kurkuku ko da sunansa gidan jinƙai. Kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfinku, kuma faɗin "ba mu da wuri yau" ba zunubi ba ne.

Maganar raguwar lada tana da asali, wanda ya faɗa maka bai ƙirƙira ba. Ya inganta cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya (wani ma'auni ne) na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Amma hadisin yana magana ne a kan mai ajiye kare don kansa ba tare da buƙata ba. Malamai irin su Ibn Abdil Barr da Nawawi sun ƙiyasta gadin gida a kan waɗancan ukun, domin dalilin ɗaya ne, wato buƙata. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne mai tattara karnukan titi don ya yi musu magani ya kuma kau da cutarwarsu daga jama'a ya fi cancantar wannan rangwame, barazanar ba ta hau kansa ba. Sharaɗi kawai, wurin karnukan ya zama daban da ɗakin kwana da wurin salla, saboda hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Game da tsarki, Malikiyya suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 bin umarni ne kawai, Shafi'iyya da Hambaliyya kuwa suna ganin najasa ne. Ka ware tufafin aiki, ka huta da saɓani. Mage kam babu magana, hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku.

Shi kuma mai cewa ga mutane da yunwa, yana da rabin gaskiya. Ɗan Adam shi ne gaba, kuma wanda iyalinsa ko maƙwabcinsa ke kwana da yunwa bai kamata ya tsallake su ya kai kuɗi wurinku ba. Amma alheri ba ya korar alheri, kuma aikinku ma hidimar mutane ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk karen da kuka yi wa riga-kafi, wani yaro kuka kare. Zakka dai ba ta halatta a nan, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga kashi 8, babu dabba a ciki. Ku nemi sadakar ganin dama da waƙafi, ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin kuɗin jama'a amana ne.

Dandaƙa malamai sun yi saɓani a kanta, wasu sun ƙi ta in ba a dabbar da ake ci ba, Hanafiyya sun halatta idan akwai amfani. Ina tare da masu halattawa, da sharaɗin likitan dabbobi ne zai yi, da allurar kashe zafi. Zafin kwana kaɗan ya fi sauƙi a kan 'ya'yan da za a haifa a zubar a juji. Kisa kuwa asalinsa hani ne. Ba a kashe dabba don wuri ya cika ko don ta tsufa ba mai so. Inda aka yi rangwame biyu ne: kare mai cizo ko mahaukaci, wanda nassi ya ambata cikin abubuwa 5 da ake kashewa, sai dabbar da likita ya tabbatar ba ta tashi kuma tana cikin azaba, wadda Malikiyya suka halatta a hutar da ita. Ko a nan a bi hanya mafi sauri, saboda hadisin Shaddadu ɗan Ausu cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa. Dabbar da alama ta nuna tana da mai ita kuwa tsintuwa ce, sai an yi cigiya kafin a ba wani.

Koyarwar da kake yi, a ganina, ta fi tattarawar muhimmanci, domin kowace dabba da ke hannunku wani ne ya ɗauke ta da marmari sannan ya gaji. Kafin ka miƙa mage, ka tambayi mai ɗauka wa zai ba ta ruwa idan ya yi tafiya, ka gaya masa tana iya kai shekara 15, ba abin wasan yara na mako biyu ba ce. Kare kuwa a ba mai buƙatar gadi, kiwo, gona, farauta ko jagorar makaho, kuma abin da za a karɓa ya zama mayar da kuɗin magani, domin an hana cin kuɗin kare. Ka karanta musu hadisin raƙumin da ya ga Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, sai Annabi ya shafa shi, ya ce wa mai shi: ba ka jin tsoron Allah a kan dabbar nan da ya mallaka maka? Ya kawo mini ƙara cewa kana barin sa da yunwa kana wahalar da shi. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Ka kuma koya musu cewa wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira alama ta bayyana, domin in ta bayyana da wuya a tsira.

Allah ne mafi sani.